Yadda na kafa ƙungiyar magana da rubutu a makarantarmu, daga ofishin hedimasta har zauren gasa

Abin ya samo asali ne wata ranar Talata a watan Oktoba na 2023. Mai duba makarantu ya shigo ajinmu na shida, ya nuna wata yarinya a layin tsakiya, ya ce ta tashi ta faɗi sunanta da abin da take son zama in ta girma. Ta miƙe, ta sunkuyar da kai, ta kama bakin hijabinta tana murzawa, har ya gaji ya ce ta zauna. Da aka fita tara sai na hango ta ƙarƙashin dalbejiya, yara sun yi mata zobe, tana yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Tana sauya murya, tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo, in ta zo wurin waƙa yara su amsa. Na daɗe a tsaye ina kallonta. Shekarata 11 ina koyar da Hausa a firamaren gwamnati, amma sai ranar na gane cewa yaranmu ba rashin baki ne da su ba, aji ne yake kulle musu shi. Washegari na ce kowa ya rubuta mini layi biyar a kan gidansu. Cikin yara 84, waɗanda na iya karanta rubutunsu daga farko har ƙarshe ba su kai 20 ba. A nan na ƙudurta kafa ƙungiyar koyon magana a gaban jama'a da rubutu. Na ɗauka abu ne na mako guda, sai da ya ci mini kusan wata biyu kafin takardar izini ta shigo hannuna. Shi ya sa nake rubuta wannan, don 'yan'uwana malamai su tsallake ramukan da na faɗa.

Na fara da hedimasta, kamar yadda ya kamata. Na same shi a ofis na yi masa bayani, ya ji daɗi, ya ce, "Malama, wannan ai aikin lada ne, Allah ya taimaka." Na ɗauki wannan addu'ar a matsayin izini. Na zaɓi yara 30 daga aji biyar da shida, na ce su riƙa tsayawa bayan an tashi, Litinin da Laraba, na awa guda. Zama huɗu muka yi. A na biyar wani uba ya shigo makaranta ransa a ɓace, ya wuce kai tsaye ofis, ina jin muryarsa daga aji yana cewa wa ya ba mu izinin riƙe masa 'ya har ta makara Islamiyya, an yi mata bulala sau biyu, shi kuma ba wanda ya gaya masa komai. Gaskiyarsa ce. Na ba shi haƙuri, na sallami yaran, na koma gida jikina a sanyaye.

Washegari hedimasta ya zaunar da ni ya warware mini abin da ya kamata in tambaya tun farko. Ya ce duk abin da za a yi cikin lokacin karatu, ikonsa ne. Amma riƙe yara bayan an tashi, ko fita da su wajen makaranta, wannan sai da sanin iyaye da kwamitin makaranta, kuma sai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya amince a rubuce, domin in wani abu ya sami yaro a hanya, takarda za a nema, ba kyakkyawar niyya ba. Ya ƙara jan kunnena da cewa kada in karɓi ko kwabo daga hannun yaro, ko da na littafi ne, tunda dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne. Ya ce in rubuta wasiƙa zuwa ga Sakataren Ilimi. Na rubuta a daren, shafi guda: sunan ƙungiya, dalilin kafa ta, adadin yara, ranakun zama, da sunan malamin da zai taya ni. Na kai aka buga mini a shagon kwamfuta, naira 300, na yi kwafi guda.

Zuwana na farko ofishin ilimi asarar yini ce kawai, kuma laifina ne. Na nemi izinin fita bayan tara, na hau adaidaita sahu, naira 400 zuwa, 400 dawowa. Na tarar da malamai sun fi 20 a baranda, yawancinsu a kan maganar ƙarin girma da gyaran albashi. Na zauna a benci kusan awa biyu ina jiran ganin Sakatare da kansa, sai wani dattijon masinja ya lura da ni, ya ce, "'Yata, me ke tafe da ke?" Na nuna masa wasiƙar. Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ina sa hannun hedimastanku? Ina hatimi? Malami ba ya rubuto wa ofis kai tsaye, sai ta hannun shugabansa. Kuma ko an sa hannun, ba wurin Sakatare za ki kai ba, ɗakin karɓar wasiƙu za ki." Na ce, "Baba, na gode, Allah ya saka da alheri." Da ban gamu da shi ba, da na zauna har a tashi.

Na sake buga wasiƙar, wannan karon da layin da ke nuna ta biyo ta hannun hedimasta, ya sa hannu ya buga hatimin makaranta. Na yi kwafi uku. Ranar Alhamis na koma da sassafe, kafin ƙarfe tara ina ɗakin karɓar wasiƙu. Akawun ya karɓi guda, ya rubuta a babban littafinsa, ya buga wa kwafina hatimin karɓa da kwanan wata. Ku riƙe wannan kwafin mai hatimi kamar takardar gida, domin bayan kwana goma da na dawo bibiya, an nemi wasiƙata an rasa, kwafin nan ne ya sa aka duba littafi aka gano an tura ta sashen da ke kula da harkokin makarantu. A can na sami jami'in da fayil ɗin yake teburinsa. Mutum ne mai sauƙin kai, ya karanta a gabana, ya ce shi ba ya da ja, amma ba zai iya kai wa Sakatare ba sai an haɗa abu uku: jerin sunayen yaran da azuzuwansu, takardar yardar iyaye, da bayanin zaman kwamitin makaranta inda aka amince. Na ce, "Ranka ya daɗe, da an gaya mini tun ranar da na kawo, ai da yau na zo da su." Ya ce ai ɗakin karɓar wasiƙu karɓa kawai suke yi. Na fito raina ba daɗi, amma aƙalla yanzu na san abin da ake nema, kuma na karɓi lambar wayarsa, abin da ya rage mini zirga-zirga daga baya.

Zaman kwamitin makaranta, wanda ake kira SBMC, shi ne wurin da na fi jin tsoro, kuma shi ne ya fi yi mini amfani. Sai da muka jira mako biyu kafin a haɗu, ranar wata Asabar, a ajin da ya fi kujeru. Akwai mai unguwa, da limamin masallacin Juma'a, da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, da wakiliyar mata, da wasu iyaye, har da uban nan da ya zo da faɗa. Na tashi na yi bayani, muryata tana rawa. Wani ya ce shi bai ga amfanin koya wa yaro surutu ba alhali lissafi ma bai iya ba. Wani dattijo kuma ya faɗi abin da ke ran mutane da yawa: in aka saba wa 'ya mace tsayawa gaban maza tana jayayya, gobe uwarta za ta mayar wa magana, jibi mijinta. Ban yi musu da shi ba, don damuwarsa ta tarbiyya ce, ni ma uwa ce. Na ce, "Baba, kunya ado ce, ba ita nake son cirewa ba. Tsoro nake son cirewa. Yarinyar da ba ta iya buɗe baki a asibiti ta ce ga inda ke mata ciwo, ko ta gaya wa uwarta wani ya tare ta a lungu, wannan ba kunya ke damunta ba." Aka yi shiru. Sai liman ya gyara zama, ya ce ai Annabi Musa, da aka aike shi wurin Fir'auna, cikin abin da ya roƙa har da a warware masa ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa, ya karanto ayoyin daga Suratu Ɗaha. Ya ce iya magana ni'ima ce, abin da ake tsoro shi ne magana ba ladabi, to a haɗa musu biyun. Shi ne kuma ya warware matsalar lokaci da kalma ɗaya. Ya ce, "Malama, me ya kai ki Litinin da Laraba? Alhamis ai ba Islamiyya." Wallahi wata guda ina juya jadawali a kaina, ban tuna da wannan ba. Aka amince da Alhamis bayan sallar azahar, awa guda, da sharaɗin malami namiji ya kasance tare da ni kuma a sallami yara kafin ƙarfe uku. Sakataren kwamiti ya rubuta, shugaba ya sa hannu. Mai unguwa ya ciro naira 5,000 daga aljihunsa ya ce a sayi littattafai.

Takardar yardar iyaye ma sai da na yi ta sau biyu. Ta farko da Turanci na rubuta, don ina ganin ofis za ta je. Na raba wa yara 30, bakwai suka dawo, biyu daga ciki da ganin sa hannun ka san yaran ne suka yi da kansu. Na sake ta da Hausa, layi shida kacal, da wurin sa hannu ko dangwale da lambar waya. Wakiliyar mata ta ce kada in ba yara, mu bi gida-gida. Yamma huɗu muka yi muna yawo. A wasu gidajen uwa ta ce sai maigida ya dawo, mu sake komawa. A wani gida uban ya ce shi ajami yake karantawa, na karanta masa da baki, ya rubuta sunansa da ajami a ƙasa, ofis kuma suka karɓa ba wata magana. Gidan su yarinyar tatsuniya ne ya fi tsaya mini a rai. Uwar ta ce ita ba ta ƙi ba, amma da rana yarinyar ke fita tallar gyaɗa, da cinikin ake cefanen dare. Muka daidaita cewa ranar Alhamis ta zo makaranta da farantinta, malamai mu saya, abin da ya rage ta fita da shi bayan uku. A ƙarshe iyaye 26 suka yarda, huɗu suka ƙi, ban kuma matsa musu ba.

Na kai takardun uku ofis, na kira jami'in nan sau biyu a waya, bayan kwana tara ya ce in zo. Takardar amincewar layi huɗu ce, ta iso ana saura mako guda a yi hutun Disamba. Da na lissafa abin da na kashe, kuɗin adaidaita na zuwa biyar naira 4,000, bugu da kwafi kusan 2,500. Littattafan rubutu masu ganye 40 na saya a naira 150 kowanne, da kwalin biro, kuɗin mai unguwa ya kusa rufe su. Ofis ba su karɓi komai ba, ba kuma wanda ya nema.

Muka fara a Janairu. Mako biyun farko ban bari an taɓa biro ba. Muka fitar da benci muka yi da'ira a ƙarƙashin bishiya, don na lura tsayuwa gaban allo ita kanta tana tsorata yaro, wurin da ake kiran mai laifi ne. Muka buɗe da abin da kowa ya iya. In ce "Ƙulin ƙulifita", su ce "Gauta". Ɗaya ya ce "Ga ta nan, ga ta nan ku", mu ce "Ta zo mu ji ta". Daga nan muka shiga karya harshe, su "turmi ture kura, kura ture turmi", ana yi ana dariya, ba wanda ya lura cewa numfashi da fitar da harafi yake koya. Doka uku na kafa: ba a yi wa mai magana dariyar kuskure, ba a katse shi, kuma in ya gama sai mutum biyu sun faɗi abin da ya burge su kafin kowa ya yi gyara. Bulala kuwa ko kusa. A mako na uku kowa ya fara tsayuwar minti ɗaya a kan abin da ya sani: yadda ake dama kunu, yadda ake ɗaure akuya, hanyar gidansu daga makaranta. Wani yaro da ke in'ina, wanda shekara biyu ban ji muryarsa a aji ba, ya yi mana bayanin yadda ake liƙe tayar keke, don aikin babansa ne, ya yi minti biyu bai tsaya ba sai sau ɗaya. Abin da na koya musu na tsara magana kuwa daga murhu na ɗauko shi. Na kawo duwatsu uku na ajiye, na ce tukunya ba ta zama a kan ɗaya. Dutse na farko abin da kake gani, na biyu dalilinka, na uku misalin da ka gani da idonka. In yaro ya tashi ya ce "noma ya fi kasuwanci" ya tsaya, sai sauran su ce, "Saura dutse biyu!"

Rubutu ya biyo bayan baki, kuma a ganina wannan jerin shi ne sirrin duk abin. Yaron da ka ba farar takarda ka ce ya yi insha'i a kan "muhimmancin ilimi" zai zauna yana tauna biro. Amma wanda ya gama ba mu labarin liƙin taya, in ka ce "rubuta abin da ka faɗa yanzu", yana da abin rubutawa. Na daina jan jan biro a kan kowane kuskure. Mako guda, gyara guda. Muka fara da haruffa masu lanƙwasa, na rubuta a allo: baki da baƙi, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, bata da ɓata. Na ce wanda ya rubuta "na ga baki a gidanmu" ya zo ya nuna mana bakin waye. Tun ranar suka fara farautar ƙugiya a littattafan juna. Mako na gaba muka shiga raba kalma da haɗe ta, cewa "yana" a haɗe take, "shi ne" a rabe, "a kan tebur" daban da "akan yi ruwa". Sai aya da waƙafi, waɗanda na koyar ta hanyar karatu da ƙarfi: inda numfashinka ya ƙare, duba ko akwai alama. Na ba su labarin Abubakar Imam, cewa malamin makaranta ne a Katsina, yana ɗan shekara 22, lokacin da ya shiga gasar rubutun Hausa ta 1933, kuma shi ne ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Idanunsu suka buɗe, don da yawansu sun ɗauka littafi da jarida abin Turanci ne kawai. Ga wanda zai ce me ya sa ban fara da Turanci ba tunda da shi ake jarrabawa: yaron da bai iya jera tunaninsa da harshen uwarsa ba, ba zai jera shi da harshen da yake tsoro ba. Wannan na gani da idona, sai dai ni ma na saki wannan hanyar da gasa ta zo, na kuma ga sakamakon.

A tsakiyar Fabrairu takarda ta zo cewa za a yi gasar muhawara tsakanin firamarorin yankinmu, da Turanci, a kan wa ya fi amfani tsakanin malami da likita. Kwana 12 aka ba mu. Ana son yara huɗu, kowanne da hoton fasfo biyu da takardar haihuwa, da fom mai sa hannun hedimasta. Hoto naira 500 kowane yaro. Biyu daga cikinsu ba su da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, na shiga damuwa, sai jami'in nan ya ce a waya hedimasta ya rubuto shekarunsu daga rajistar shiga makaranta ya buga hatimi, ya wadatar. Sai kuma sabuwar yardar iyaye, don ta farko ta zama a makaranta ce, ba ta fita ba. Mota ce ta fi tsada, tunda tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin haya ya tashi. Ƙaramar bas ta ce naira 12,000 zuwa da dawowa, ƙungiyar iyaye da malamai ta biya rabi, ni da abokin aikina muka cika. Kuskuren da na yi kuwa shi ne tsoron kada yarana su ji kunya. Na zauna na rubuta musu jawabi da Turanci mai kyau, cewa malami ya fi, da doguwar gaisuwar nan ta shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, na sa suka haddace kamar karatun allo. Duwatsun murhu na ajiye su gefe.

Ranar gasa an ce ƙarfe tara, mun isa takwas da rabi, ba a fara ba sai sha ɗaya da rabi. Ba a tanadi abinci ba, ban kuma taho da komai ba sai ruwa, yaran suka yi laushi tun kafin a kira su, na fita na sayo musu biredi da ƙosai. Makarantu takwas ne. Da aka zo kanmu, sai alƙali ya ce za a jefa ƙuri'a a ga ɓangaren da kowa zai kare. Takardar gayyata ba ta faɗi haka ba, ni kuma ban tambaya ba. Muka ɗauko likita. Minti goma aka ba mu. Yaronmu na farko ya hau, ya yi gaisuwar tsaf, sai bakinsa ya kama jawabin malami da ya haddace, zaure ya ɗauki dariya, ya tsaya cak, hawaye ya cika masa ido. Abin da na ji a ƙirjina lokacin ba zan iya kwatanta shi ba, don ni na ɗora masa kayan da ba nasa ba. Ta biyu ita ce yarinyar tatsuniya. Kafin ta hau na riƙe hannunta na ce, "Manta da takardata. Dutse uku." Ta hau, ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce likita ya fi. Ta ɗaga na biyu ta ce don marar lafiya ba ya iya zuwa makaranta, ko malamin ne. A na uku ta ba da labarin daren da ƙaninta ya suma da zazzaɓi, uwarsu ta goya shi zuwa asibiti, aka yi masa allura ya buɗe ido. Turancinta a karye yake, sau biyu Hausa ta kutso mata, amma zauren ya yi tsit, ta kuma kalli alƙalai ido cikin ido. Mun zo na biyar. Da za mu fito ɗaya daga cikin alƙalan ta kira ta, ta tambayi sunanta, ta faɗa da ƙarfi, har da abin da take son zama.

A mota na ba yaron nan haƙuri a gaban 'yan'uwansa, na ce laifina ne ba nasa ba. Alhamis ta gaba shi na fara ba dama, da Hausa, ya kare likita, ya kare malami, duk a tsayuwa ɗaya. Daga ranar muka sauya tsari: kowane batu sai yaro ya kare ɓangare biyu, da Hausa tukuna, sannan mu nemi kalmomin Turancin da yake bukata, ya gina jimlolinsa da kansa komai gajartarsu. Azumi ya kama a Maris muka ɗan dakata. A zango na uku muka fara jaridar bango, farin kwali biyu a jikin ofis duk ranar Litinin, da labarin unguwa, da karin magana, da tatsuniya guda. Hedimasta ya ba mu minti biyar a taron safe, yaro ɗaya ya karanta labarinsa gaban makaranta duka.

Ga mai niyyar yin irin wannan, da zan sake daga farko, kwamitin makaranta zan fara nema tun kafin in rubuta wa ofis ko harafi, don su ne suka san lokacin Islamiyya da ranar kasuwa da gidan da sai an bi ta wurin kaka. In an gama da su, sai yardar iyaye da Hausa, ƙafa da ƙafa, kuma a sa maganar fita gasa a cikin takardar tun farko don kada a sake zagaye. Sannan a haɗa komai, wasiƙa ta hannun hedimasta da hatimi, jerin sunaye, bayanin zaman kwamiti, a kai ɗakin karɓar wasiƙu rana ɗaya, a karɓo kwafi mai hatimi da lambar wanda fayil zai je wurinsa. Da na yi haka, zuwa biyu ya ishe ni maimakon biyar. Tsarin ofisoshi yakan bambanta daga wata ƙaramar hukuma zuwa wata, don haka a tambayi hedimasta abin da ake nema a rubuce, kada a tsaya a kan "Allah ya taimaka". In takardar gasa ta zo, a kira masu shiryawa a tambaya ko ana jefa ƙuri'ar ɓangare, minti nawa ne, ko alƙalai suna tambaya, a kuma tafi da abinci. A duba takardun haihuwar yara tun farkon zango. Kuma kada a zaɓi masu ƙoƙarin aji kawai. Waɗanda suka fi ba ni mamaki 'yan layin baya ne, masu shiru, da waɗanda ake kira masu surutu.

Bana yara 41 suka rubuta suna, har da biyu daga gidajen nan huɗu da suka ƙi. Uban da ya zo da faɗa shi ne ya kawo mana allon katako da ya haɗa a shagonsa don jaridar bango, saboda ruwan sama yana jiƙa kwalin. Yarinyar tatsuniya tana ƙaramar sakandare yanzu. Wasu Alhamis ɗin takan biyo da farantinta, ta zauna a bayan da'ira, in ƙaramin yaro ya faɗi ra'ayinsa ya tsaya, ita ce ke fara ɗaga masa yatsa biyu.